Waiwaye: Daga Niƙa Ƙwayoyin Halitta Zuwa Kallonsu Ɗaya Bayan Ɗaya

Duk wanda ya tashi a Ringim ya ji labarin zamanin gyaɗa, lokacin da tashar jirgin ƙasa ta layin Kano zuwa Nguru ke cika da buhuna kowace kaka. Da aka gano gubar aflatoksin a farkon shekarun 1960, sai masu awon ingancin gyaɗa suka gamu da ciwon kai: gubar ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi ƙalilan da fumfuna ta kama su ke ɗauke da kusan dukkanta, sauran lafiyarsu ƙalau. In aka niƙe mudu guda aka auna garin, lamba ɗaya za a samu, kuma lambar ba ta kwatanta ko ƙwaya ɗaya a cikin mudun ba. Mai kyau ba ta kai haka ba, ruɓaɓɓiya kuwa ta wuce haka nesa.

Irin wannan awon masana suka shafe shekaru suna yi wa ƙwayoyin halittar jikinmu.

A jikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu furotin masu karɓar saƙo. Idan sinadarin da ke umartar ƙwaya ta girma ya zo, kamar EGF da Stanley Cohen ya gano, sai ya manne wa makarɓinsa, shi kuma ya tayar da jerin wasu furotin na ciki da ake kira kaines. Aikin kaines shi ne ya liƙa wa wani furotin ɗan sinadarin fosfet, ya kunna shi ko ya kashe shi, wancan ma ya taɓa na gaba, har saƙo ya isa cibiyar ƙwayar. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan liƙawa da cirewa a tsakiyar shekarun 1950, suka sami kyautar Nobel a 1992. Lissafin da aka fitar a 2002 ya nuna ɗan Adam na da kaines 518.

To, yaya ake sanin kaines ya kunnu? A da, sai a tara miliyoyin ƙwayoyi a faranti, a zuba musu sinadari, a jira 'yan mintuna, a fasa su gaba ɗaya, a auna fosfet ɗin da ke cikin ruwan. An ƙaru ƙwarai da wannan hanya, yawancin abin da ke cikin littattafan ɗalibanmu daga gare ta ya fito. Amma ta ɗauka cewa duk ƙwayoyin da ke farantin hali ɗaya gare su.

A 1998 James Ferrell da Eric Machleder na Jami'ar Stanford suka gwada wannan zato da ƙwan wani kwaɗo ɗan asalin Afirka, Xenopus. Dalilin zaɓensa a fili yake: ƙwan ya haura milimita ɗaya, ana iya auna kowane guda shi kaɗai. Da suka zuba sinadarin furojestaron gwargwado, suka haɗa ƙwai da yawa suka auna, sai ya zama kamar wani kaines mai suna MAPK ya kunnu rabi-rabi. Da suka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani labari daban. Wasu sun kunnu gaba ɗaya, wasu ko motsi ba su yi ba, kusan babu na tsakani. Wato “rabin” da awon taro ya nuna, babu ƙwan da ya taɓa zama a kansa. A ganina wannan gwaji ya cancanci a koyar da shi tun ajin farko na jami'a, domin ko wanda bai san kimiyyar sinadarai ba zai gane shi.

Ƙwayoyin jikin mutum ba su kai girman ƙwan kwaɗo ba, sai da aka samo wata dabara. Osamu Shimomura ya tsamo wani furotin mai ƙyallin kore daga wata halittar teku a 1962. Martin Chalfie ya nuna a 1994 cewa yana ƙyalli a cikin wasu halittu ma. Roger Tsien ya sarrafa shi zuwa launuka iri-iri. Su ukun suka raba Nobel a 2008. A 2001 Jin Zhang, tana aiki tare da Tsien a San Diego, ta haɗa furotin mai shuɗin ƙyalli da mai rawaya a jikin wani ɗan guntu da kaines ke liƙa wa fosfet. Da zarar kaines ya yi aikinsa, guntun ya naɗe, launukan biyu su matso kusa, hasken ya sauya. A 2014 kuma Sergi Regot da Markus Covert suka fito da mafi sauƙi: alama mai ƙyalli da ke ficewa daga cibiyar ƙwaya in kaines ya kunnu, ta koma in ya mutu. Daga nan ba sai an kashe ƙwaya kafin a tambaye ta ba. Ana ɗora ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma tana raye, ana ɗaukar hotonta sa'o'i da kwanaki.

Gani ya kori ji. A 2013 John Albeck da Joan Brugge a Harvard suka nuna cewa idan EGF kaɗan ne, kamar yadda yake a jiki, kaines ɗin ERK ba ya zama a kunne. Bugawa yake yi, ya tashi ya sauka, kuma kowace ƙwaya da lokacinta. Ƙara sinadarin yana ƙara yawan bugun da tsawonsa. Awon taro ba zai taɓa ganin haka ba, domin lokacin da wannan ke tashi waccan na sauka, sai su shafe juna a lissafi.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Ringim da bugun ERK? Ruwansa yana wajen magani. Maganin imatinib da aka amince da shi a Amurka a 2001 kaines yake toshewa, kuma ya sauya rayuwar masu wani nau'in sankarar jini. A Nijeriya an daɗe ana ba da shi kyauta ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Amma sau da yawa magungunan irin wannan kan kwantar da ciwon daji, bayan watanni ya dawo. A 2009 Sabrina Spencer da Peter Sorger suka nuna cewa ƙwayoyi masu gado iri ɗaya, da aka ba su sinadarin kisa iri ɗaya, wasu kan mutu da wuri, wasu a makare, wasu su tsira, saboda kawai bambancin yawan furotin da kowace ke ɗauke da shi a lokacin. A 2017 Sydney Shaffer da Arjun Raj a Jami'ar Pennsylvania suka gano wasu tsirarun ƙwayoyin sankarar fata da kan shiga wani yanayi na ɗan lokaci tun kafin a zuba magani, su ne kuma ke tsira su sake yaɗuwa. Awon taro zai ce magani ya ci. Waɗanda za su dawo da cutar suna cikin 'yan kaɗan ɗin da lissafi ya haɗiye.

Mu da sikila ta addaba, muna da namu misalin. Maganin haidiroksiyuriya yana ƙara sinadarin jinin jarirai da ke hana ƙwayar jini lanƙwashewa, amma sinadarin ba ya rabuwa daidai. Wasu ƙwayoyin su sami mai yawa, wasu kusan babu. Don haka yara biyu na iya fitowa da lamba ɗaya a takardar gwaji, ɗaya yana zuwa makaranta, ɗaya yana kwance. Ma'aikacin ɗakin gwajin da ke leƙa madubi yana ƙirga ƙwayoyin maleriya a ɗigon jini ya riga ya saba da kallon ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage masa kayan aiki ne da horo.

Madubi mai ɗaukar hoton ƙwaya tana raye yana da tsada, wannan gaskiya ne. Amma rabin aikin yanzu a kwamfuta ake yinsa. Manhajojin ImageJ da CellProfiler kyauta ne, kuma masu bincike da yawa na saka hotunansu a intanet don kowa ya sauke. Malamai a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ku ba ɗalibanku na ajin ƙarshe irin waɗannan hotuna su yi aikin bincike a kansu. Ku kuma ɗalibai, duk ranar da aka nuna muku matsakaicin sakamako, ku nemi a nuna muku sakamakon kowace ƙwaya.