A Bar Wa Makarantar Garinmu Filin Wasanta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin shugaban ƙaramar hukumarmu da 'yan'uwana 'yan tireda game da shirin da ake yi na yanka filin wasan makarantar sakandaren gwamnati ta garinmu a gina shaguna.

Jama'a, makarantar nan ba daga sama ta faɗo ba. Iyayenmu ne suka sadaukar da gonakinsu na gado, aka yi aikin gayya aka share wurin. Shi kuwa filin wasan, ɗaliban farko ne suka tumɓuke kututturansa da gatari da diga, suka shata layukan tsere da toka. Duk wanda ya girma a garin nan ya san ranar gasar gidajen ɗalibai tamkar ƙaramar salla ce. Hakimi yana zaune a rumfa, ana tsere da dogon tsalle da jifan mashi da jan igiya da langa, mu kuma masu ƙosai da rake da goro muna ta ciniki har magariba.

Kada wani ya raina makarantar ƙaramin gari. Alhaji Aliko Ɗangote a kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu ya gama sakandare a 1978. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a ta Keffi ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969. Da Jihar Kano ta tashi kafa makarantun kimiyya a 1977, Dawakin Tofa da Dawakin Kudu ta kai su. Shugabannin da sun san yaro yana bukatar sarari, shi ya sa suke ba makaranta ƙasa mai faɗi a bayan gari.

Haka kuma wasa bai taɓa hana karatu ba. Tun a shekarun 1920 wani malami Bature mai suna Hogben ya koya wa ɗalibai wasan fayis a Katsina. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda ya yi Kwalejin Katsina, gwanin wasan ne, har aka sa kofi da sunansa. To, wasan ya hana shi zama Firimiyan Arewa? A 1985 da yaranmu suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a ƙasar Sin suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16, kyaftin ɗinsu Nduka Ugbade a filin makarantar sakandare a Legas ya goge.

Ni ma ɗan tireda ne, na san ƙuncin rashin shago, na san yadda damina ke yi wa mai kasa kaya a ƙasa. Amma mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. In aka yanka shi fuloti mai ƙafa 50 da 100, abin da za a samu bai wuce 15 ba. Su wa za su samu? Mun san ba mai tebur ba ne, ba kuma mai tallan manja ba. Masu uwa a gindin murhu ne za su raba, su dawo su ba mu haya. Saboda mutum 15 za a raba 'ya'yan gari duka da filinsu har abada, domin ƙasa in ta ci siminti ba ta dawowa.

Sannan mu tuna, ranar ɗaukar soja sai yaro ya yi gudu kafin a ba shi kaki. Ɗan talakan da ba shi da kowa a sama, ƙafarsa ce takardar alfarmarsa. Kuma yaron da ya gaji a fili da la'asar barci zai yi da dare, ba shi da lokacin zaman bayan tasha wurin masu sholisho da ƙwaya.

Don haka ina roƙon mai girma Ciyaman ya nema mana wurin shaguna a gefen tashar mota, inda ma ciniki ya fi. Ma'aikatar ilimi ta auna iyakar makarantar, a kafa duwatsun shaida, a kewaye ta ko da itacen dogon yaro ne, a kuma turo malamin wasanni. Tsofaffin ɗalibai su haɗa kuɗin kofi a farfaɗo da gasar gidaje, su zauna da dattawan da suka ga kafuwar makarantar a rubuta tarihinta da sunayen zakarunta tun suna raye. Mu kuma 'yan kasuwa, kada ɗayanmu ya kai kuɗinsa a kan wannan fili, ko da an yi masa araha.

Allah ya ba shugabanninmu ikon sauraro, amin.

Naka mai karatun jaridarka kullum,
Tsohon ɗalibi, mai tireda a bakin kasuwa.