Masallaci a Kulle, Ɗan Ci-rani a Waje

Da zarar damina ta ɗauke, aka saki ruwan madatsar Tiga cikin magudanan Kadawa, sai Kura da Bunkure su cika da baƙi. 'Yan ci-rani ne daga ƙauyukan Jigawa da Katsina, wasu ma daga Nijar. Da rana rububinsu ake yi, wannan na neman masu dashe, wancan masu tsinkar tumatir, ga dakon kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan. Da dare kuwa ba mai tambayar inda suke sa haƙarƙari. Da yawansu barandar masallaci ce masaukinsu, buhu ne shimfiɗa.

Kwamitocin masallatai suna da kukansu, kuma ba ƙarya suke ba. Ana fitsari a gindin katanga, ana wayar gari babu batirin sola ko na'urar lasifika. Tun harin bam ɗin da aka kai Babban Masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, baƙuwar fuska ta zama abin tsoro. Shi ya sa ladan ke sa kwaɗo bayan sallar isha'i.

To amma wanda aka kora bai koma garinsu ba. Ya koma ƙarƙashin tirela ne ko bakin kanal, kuma aikin rani a tsakiyar hunturu yake kamawa, lokacin da mai bargo biyu ma ke makyarkyata.

A garin Bryan na jihar Ohayo a Amurka, hukuma ta tuhumi fasto Chris Avell a ƙarshen 2023 saboda ya bar cocinsa a buɗe dare da rana marasa muhalli na kwana. Can hukuma ce ta matsa wa mai ɗakin ibada ya rufe. Mu nan ba wanda ya matsa mana, alhali kowane ɗalibin Islamiyya ya san Ahlus Suffa a masallacin Manzon Allah (SAW) suke kwana, har da Abu Huraira cikinsu.

Sai dai ni ba liman nake fara tuhuma ba. Manomin da ya ɗebi majiya ƙarfi suka wuni a gonarsa, ya sallame su da magariba ya shige gida, shi ya jibga wa masallaci nauyin da yake nasa. A da zaure ke ɗaukar wannan nauyi, baƙo ya sauka, a kawo masa tuwo, mai unguwa ya san da zamansa. Yanzu gidajen da ake ginawa get ne da doguwar katanga.

A kulle ɗakin kayan lantarki, a bar baranda. Mai unguwa ya rubuta sunan kowane baƙo da garinsu da gonar da yake wa aiki. Ƙungiyoyin manoman rani, da suka saba tara kuɗin yashe magudana, su ƙara da na rumfa da makewayi a gefen masallaci, a karɓa daga kowa gwargwadon yawan ma'aikatansa.