Kujerar Zariya Kewaye: Alƙawuran 'yan takara da ainihin aikin ɗan majalisa

Ranar Asabar 16 ga Agusta, 2025, hukumar zaɓe ta INEC ta gudanar da zaɓen cike gurbi a mazaɓar Zariya Kewaye, wadda ta ƙunshi unguwannin bayan ganuwa irin su Tudun Wada da Tudun Jukun da Gyallesu da Tukur-Tukur, har zuwa ƙauyukan Dambo da Wuciciri da Dutsen Abba. Jam'iyyar APC ce ta lashe kujerar, kamar yadda ta lashe ta Basawa da ke maƙwabtaka. Guguwar wannan zaɓe ba ta gama kwanciya ba aka shiga shirin na 2027, kuma tuni masu sha'awar kujerar suka fara zagayen gaisuwa da ta'aziyya da ɗaurin aure. Lokaci ne da ya dace a zauna a auna abin da masu neman wakiltar wannan yanki a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna suke sa wa gaba, a kuma gwada shi da abin da kujerar take iya yi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a taron yaƙin neman zaɓe a Tudun Jukun ya san jerin alƙawuran, domin ba sa canzawa ko da jam'iyya ta canza. Za a haƙa rijiyar burtsatse, za a sayo taransifoma, za a biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar JAMB da NECO, za a raba wa mata keken ɗinki da injin markaɗe, matasa kuma za a samo musu takardar ɗaukar aiki. Babu na banza a cikinsu. Matar da take sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa kowace safiya ba za ta raina burtsatse ba, kuma uban da ya rasa kuɗin jarrabawar ɗansa ba zai manta da wanda ya biya ba. Sai dai idan aka duba da kyau, wannan jeri ne na aikin shugaban ƙaramar hukuma, ko na kwamishina, ko ma na attajiri mai neman lada. Ko ɗaya daga ciki ba ya buƙatar a ce mutum yana da ƙuri'a a zauren majalisa.

Abin da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa wannan zaure mai mambobi 34 ya fi haka nauyi. Shi ke yin dokokin jiha. Gwamna ba ya da hurumin taɓa asusun jiha sai da kasafin da majalisa ta amince da shi. Ba ya naɗa kwamishina sai ta tantance. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken kowace ma'aikata da kowace hukuma kan yadda ta kashe kuɗin da aka ware mata, sashe na 188 kuma ya ba ta ikon tsige gwamna. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar a koya musu girman wannan iko: wannan majalisa ce, a lokacin da 'yan NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, daga bisani ta tsige shi a watan Yunin 1981. Ko mutum yana ganin zalunci aka yi wa Balarabe, kamar yadda da yawa ke gani, abin da ya faru ya nuna cewa kujerar ba ta rabon keken ɗinki ba ce.

Batun da ya fi cancantar a tsare kowane ɗan takara a kansa shi ne bashi, kuma shi ne wanda ba a jin ɗuriyarsa a wurin taro. A ƙarshen watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa taron masu ruwa da tsaki a Kaduna cewa ya gaji bashin Dala miliyan 587 da Naira biliyan 85, ban da kwangiloli 115 da ba a kammala biya ba. Ya ce daga Naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a wannan wata, an zare biliyan 7 don biyan bashi, abin da ya rage kuwa bai kai kuɗin albashi ba, wanda ya haura biliyan 5. Ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Tudun Jukun, wanda yake jiran ƙarin girma ko yake lissafin haƙƙinsa na sallama, ya kamata ya riƙe waɗannan alƙaluma fiye da yadda yake riƙe sunan wanda ya ba shi buhun shinkafa da azumi. Bashin waje da Dala ake biyansa. Lokacin da ake rigimar rancen Dala miliyan 350 na Bankin Duniya a 2018, har sanatocin Kaduna uku, Shehu Sani da Suleiman Hunƙuyi da Danjuma La'ah, suka haɗu suka sa Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi, Dala ba ta kai Naira 400 ba. Daga baya an amince da rancen. A 2024 Dala ta haura Naira 1,500. Bashin bai ƙaru da ko sisi ba a takarda, amma abin da ake zarewa daga rabon jihar ya ninka sau da yawa.

Majalisar jiha ta kafa kwamitin bincike a watan Afrilun 2024 a ƙarƙashin Mataimakin Kakakinta, Henry Magaji Danjuma, kuma a watan Yuni kwamitin ya miƙa rahoton da ya zargi gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i da karkatar da Naira biliyan 423. Tsohon gwamnan ya musanta, ya kuma garzaya kotu. Gaskiyar wannan zargi aikin alƙalai ne. Tambayar da ta shafi mai jefa ƙuri'a ita ce: ina majalisar take a shekaru takwas ɗin da ake cin bashin ana ba da kwangilolin? Ƙa'idar karɓar rance ta tanadi cewa sai da amincewar majalisar jiha, kuma kowace shekara a gabanta ake ajiye kasafi. Majalisar da ba ta ganin laifin gwamna sai ya sauka daga mulki, ihu bayan hari take yi. Don haka abin da ya kamata 'yan kasuwa da ma'aikata su tambayi mai neman kujerar Kewaye shi ne: idan gwamnan jam'iyyarka ya aiko da takardar neman sabon rance, za ka nemi a karanta sharuɗɗansa a fili kafin a kaɗa ƙuri'a? Za ka dawo Tudun Wada ka faɗa mana nawa ne, na shekara nawa ne, kuma me za a yi da shi?

Ruwan Zariya misali ne na yadda bashi da rashin sa ido suke haɗuwa a ƙofar gidan talaka. Tun zamanin Gwamna Namadi Sambo aka ba da kwangilar sabuwar matatar ruwa mai tace lita miliyan 150 a rana, aka kammala ta a 2017. Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar Galma, sannan aka karɓi rance daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka don shimfiɗa manyan bututu da gina tankuna da kai ruwa cikin unguwanni. An yi bukukuwan buɗewa, an yanka ƙyalle. Amma har yau kurar mai ruwa ce take tashin mutane da asuba a lunguna da dama na Tudun Jukun. Matatar ruwa tana buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa da sinadaran tacewa da ma'aikatan da ake biya a kan lokaci da bututun da ba su fashe ba, kuma kowanne daga cikin waɗannan layi ne a kasafin kuɗi wanda ɗan majalisa yake da ikon bi ya ga ko an saki kuɗinsa. Ɗan takarar da ya yi alƙawarin burtsatse goma a unguwar da jihar ta ci bashi don kai mata ruwan famfo, a fakaice yana cewa ne ya haƙura da wancan aiki. Mu kuwa ba mu gama biyan kuɗinsa ba. Wanda ya ce zai nemi kujera a kwamitin da ke kula da hukumar ruwa, ya kira shugabanninta su faɗi lita nawa ake turowa kowace rana da unguwannin da take isa, shi ne ya yi maganar da ta dace da muƙamin.

Ga 'yan kasuwa kuma, haraji ne. Dokar da ta tattara harajin jihar wuri guda a 2016, wadda ta ba hukumar KADIRS ikon karɓa ta kuma hana biya da tsabar kuɗi hannu da hannu, daga wannan majalisa ta fito. Haka gyaran da aka yi mata a 2020, wanda a ƙarƙashinsa aka ɗora wa kowane baligi harajin raya ƙasa na Naira 1,000 a shekara. Hukumomin da suka fi shiga rayuwar mai shago da mai Keke Napep, wato KASUPDA mai kula da tsarin gine-gine da KADGIS mai kula da filaye da KASTLEA mai kula da hanya, duk doka ce ta kafa su, kuma doka ce za ta iya iyakance su. Mutanen Zariya sun ga rusau, sun ga yadda ake sake gina kasuwa sannan kuɗin sabon shago ya fi ƙarfin wanda aka tasa. Yanzu kuma ga sababbin dokokin haraji na tarayya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda dole jihohi su daidaita nasu da su. A irin wannan zama ne ake yanke nawa mai teburin kayan miya zai biya, da sau nawa, da wa zai karɓa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Tudun Wada suna da ƙuri'u masu yawa, amma sau da dama abin da suke karɓa daga ɗan takara bai wuce gudummawar gyaran ofishin ƙungiya ba.

Akwai dalilin da ya sa 'yan takara suke gudun irin waɗannan batutuwa, kuma ba duka laifinsu ba ne. Na farko, tikitin jam'iyya ba a hannun mai jefa ƙuri'a yake ba, yana hannun wakilan zaɓen fidda gwani da manyan da suke juya su. Wanda ya san wa ya ba shi tikiti ya san wa zai guji ɓata wa. Na biyu, kuma wannan na Zariya ne musamman, shi ne inuwar Abbas Tajuddeen, wanda yake wakiltar Zariya a Majalisar Wakilai tun 2011 kuma ya zama Kakakinta a watan Yunin 2023. Tituna da cibiyoyin ilimi na Gwamnatin Tarayya da suka shigo garin ta hannunsa sun sa jama'a sun ɗauka cewa mizanin ɗan majalisa shi ne yawan kwalta da gine-gine. Amma mutum na huɗu a jerin shugabannin ƙasa, wanda kasafin tarayya yake bi ta teburinsa, ba tsaran ɗan majalisar jiha ba ne. Wanda ya ce zai yi irin nasa daga zauren Kaduna, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san mu ba mu sani ba.

Ilimi ma ana ambatonsa ne ta fuskar tallafi kawai, alhali manyan matakan da suka girgiza gidaje a wannan yanki na manufa ne. A 2017 aka sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji. A 2021 aka ninka kuɗin makaranta a Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, har sai a watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage. Hawan da saukar duk daga Gidan Gwamnati suka fito. Biyan kuɗin jarrabawar ɗalibai ɗari ba ya maye gurbin muryar da za ta tashi a zaure ranar da ake shirin ƙara wa dubbai kuɗi.

Sai batun ƙananan hukumomi, wanda shi ne ya fi kusa da magudanar ruwan da ta cushe da kwalbatin da ya karye da rafin Kamacha da ke tsorata maƙwabtansa kowace damina. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye. Amma sashe na 7 na Tsarin Mulki ya bar tsarinsu da kuɗinsu da ayyukansu a ƙarƙashin dokar jiha, ma'ana majalisa tana iya yin dokar da za ta tabbatar da hukuncin, tana kuma iya yin wadda za ta dawo da kuɗin ta ƙofar baya da sunan ayyukan haɗin gwiwa. Kaduna ce ta fara zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a 2018, ta maimaita a 2021. Kafin zaɓen watan Oktoban 2024 an gyara dokar aka koma takarda, kuma APC ta kwashe shugabanni 23 da kansiloli 255 baki ɗaya. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi a kan wannan gyara, hannun wakilin kowace mazaɓa yana cikinsa, kuma haƙƙin mazaɓar ne ta ji bayani.

Wani sabon fage ma ya buɗe. Gyaran Tsarin Mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki ta wannan shekara sun ba jihohi damar tsara samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Ga mai walda da tela da mai sayar da ƙanƙara a Tudun Jukun, dokar da za ta fayyace wanda alhakin gyaran taransifoma yake wuyansa, da inda za a kai ƙara idan an kawo takardar kuɗin wutar da ba a sha ba, ta fi taransifoma guda ta kyauta wadda za ta ƙone bayan shekara a koma karo-karo.

Daga yanzu zuwa zaɓen fidda gwani, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da rassan ƙungiyoyin ƙwadago da kwamitocin masallatai na Kewaye suna da damar da ba za su sake samu ba sai bayan shekara huɗu: su gayyaci masu neman kujerar, har da wanda yake kanta, su zauna a wuri guda, a tambaye su kan rance da ruwa da haraji da kuɗin ƙaramar hukuma, a naɗi amsoshin a waya. Wanda yake kai a tambaye shi kwamitocin da yake ciki da yadda ya kaɗa ƙuri'a a kasafin da ya wuce. Masu neman ture shi kuma a tambaye su ko sun taɓa buɗe kasafin jihar sun ga nawa aka rubuta wa Zariya, da nawa aka saki daga ciki.