A Bar Ɗalibai Su Zana Taswirar Unguwarsu

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, labarin ɗaya ne a unguwannin Kano da dama: kwata ta toshe, ruwa ya shiga ɗakuna, katangar ƙasa ta zube. Sai a yi jaje, a zargi gwamnati, a jira baɗi. Alhali a cikin unguwannin nan akwai makarantun sakandare da ɗalibansu ke haddace sunayen kogunan wasu nahiyoyi saboda jarrabawar WAEC da NECO, ba a taɓa tambayarsu inda ruwan layinsu yake bi idan an yi ruwan sama ba.

Ina ganin lokaci ya yi da makaranta za ta mayar da unguwa wurin karatu. Malamin labarin ƙasa ya raba 'yan aji biyu na babbar sakandare rukuni-rukuni, ya ba su zango guda, da igiyar awo, da littafi, da wayar ɗaukar hoto. Su bi lungu-lungu, su nuna inda ledojin ruwa suka cushe kwalbati, da inda aka cike kududdufi aka yi gini, da inda shago ya hau kan magudana. Su zauna da dattijon da ya san hanyar da ruwa ke bi tun kafin a yi waɗannan gine-gine. Awon faɗin kwata da gangarenta lissafi ne, binciken alaƙar ruwan da ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro kimiyya ce, rubuta rahoton kuwa darasin harshe ne. Gani ya kori ji.

An gwada wannan a Afirka, kuma ya yi amfani. A 2009 matasan Kibera a Nairobi suka zana taswirar unguwarsu da kansu, suka ɗora ta a intanet. A 2015 aka fara shirin Ramani Huria a Dar es Salaam da tallafin Bankin Duniya, inda ɗaliban Jami'ar Dar es Salaam da ta Ardhi suka haɗa kai da mazauna unguwanni wajen zana taswirar wuraren da ambaliya ke ci. Abin da ɗan Tanzaniya ya iya, ɗan Fagge ko Kurna ba zai gaza ba.

Za a ce manhaja ta cika, kuma babu kuɗi. Aikin nan manhajar ce da kanta aka fito da ita waje, kuma kayansa ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba. Abin da ya fi damuna shi ne kada a mayar da yara leburori, a miƙa musu shebur ranar tsaftar ƙarshen wata a ce an koya musu. Tunaninsu muke nema. Haka kuma kada a bar 'yan mata a baya, domin su ne za su shiga cikin gida su ji ta bakin matan da ke kwana kwalfar ruwa.

Nauyi mafi girma yana wuyan manya. Idan yaro ya yi wata uku yana awo, rahotonsa ya ƙare a durowar shugaban makaranta, mun koya masa cewa maganarsa ba ta da daraja, kuma wannan cin amana ne. A tara mai unguwa, da liman, da kansila, da wakilin hukumar tsara birane ta KNUPDA, ɗalibai su gabatar da abin da suka gano, a ba su amsa a kan kowace shawara: wannan za a yi, wancan ba zai yiwu ba saboda kaza. Sashen tsara birane na Jami'ar Bayero zai iya tura ɗalibansa su jagoranci ƙannensu.

Yaron da ya auna magudana da hannunsa, da wuya ya girma ya yi gini a kanta. Don haka ina kira ga shugabannin makarantu da kada su jira takarda daga ma'aikatar ilimi. Su zaɓi layi ɗaya, su nemi izinin mai unguwa, su fara tun da rani.