FILIN MASU MOTOCI: Zaɓen Takalmin Birki Ga Motar Zuwa Aiki

Cikin dukan kayan gyaran mota babu wanda a ke yi wa riƙon sakainar kashi kamar takalmin birki, wanda makanikai kan kira fad. Mai mota zai tsaya a kan man inji har ya karanta rubutun jikin galan, zai zaga kasuwa sau biyu kafin ya sayi batir, amma da an ce masa birki ya cinye sai ya miƙa wa yaron gareji kuɗi, ya ce a samo mai sauƙi. Shi kuwa yaro ya san in ya samo mai sauƙin ƙwarai, abin da ya ragu nasa ne. Ta haka ne abin da zai tsai da mota a gaban 'yan makaranta masu tsallaka titi ya kan zama zaɓin yaro ɗan shekara 15 wanda hankalinsa duk yana kan canji.

Aikin birki bai wuce mai da gudu ya zama zafi ba. Idan direba ya taka, man birki ya kan tura fistin, fistin ya matse takalma biyu a jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayyar da ke tsakaninsu ita ce ke cinye gudun motar. Masana sun san lissafin abin: mota mai nauyin kilo 1,200 in tana gudun kilomita 100 cikin sa'a, zafin da birkinta zai sha kafin ta tsaya ya isa ya kai ruwa wajen lita 1 da rabi ga tafasa, kuma duk cikin daƙiƙa 3 ko 4. In gudu ya ninka sau 2, zafin ba sau 2 zai ninka ba, sau 4 ne. Sa'an nan da ya ke nauyin mota gaba ya ke rinjaya a lokacin tsayawa, ƙafafun gaba ne ke ɗaukar wajen kashi 2 cikin 3 na wannan aiki, shi ya sa takalmansu kan riga na baya ƙarewa.

Wani Baturen Ingila mai suna Frederick Lanchester ne ya yi rajistar birki mai faifai tun 1902, amma bai bazu ba sai bayan da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, kamfanin Citroën na Faransa kuma ya sa shi a motarsa DS a 1955. A ƙasar nan jama'a da yawa sun saba da shi ne a jikin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. A yau kusan duk ƙaramar mota faifai ne a gabanta, baya kuwa ko faifai ko ganga.

To, da me a ke yin fuskar takalmin, watau gefen da ke gogar faifai? Shekaru da dama asbesto ne ginshiƙinta, irin wanda aka sani a rufin ɗaki da silin, domin yana jure zafi kuma ga araha. Daga baya likitoci suka tabbatar ƙurarsa na jawo ciwon daji a huhu da rigar huhu, cutar da kan ɓoye shekara 20 ko 30 kafin ta bayyana. Ingila ta gama hana shi a 1999, ƙasashen Tarayyar Turai a 2005, Amurka kuma ta kafa dokar hana ragowarsa a 2024. Amma har yanzu akwai ƙasashen da ke haƙarsa suna aiki da shi, saboda haka takalmin da ba a san mafitarsa ba ba a iya rantsuwa a kansa. Wanda wannan ya fi shafa ba mai mota ba ne, makanike ne da yaransa waɗanda kan hure ƙurar birki da baki ko da iskar famfo. Tsumma mai danshi ya fi.

Abin da ya maye gurbin asbesto iri 3 ne. Akwai mai laushi, wanda aka yi da zare iri iri da roba da ƙaro. Ba shi da ƙara, ba ya cin faifai, amma yana saurin ƙarewa, kuma in zafi ya yi yawa kamunsa ya kan ragu. Akwai mai haɗin ƙarfe, wanda garin ƙarfe da zarensa kan kai daga kashi 30 zuwa wajen 65 cikin 100 na jikinsa. Wannan yana kamu sosai, yana jure zafi, sai dai ya kan yi 'yar ƙara, ya baƙanta wili da ƙura, ya kuma ci faifai fiye da na farko. Na uku shi ne na tangaran, wanda 'yan kasuwa ke kira seramik, ba ƙara, ba baƙar ƙura, ga daɗewa, amma shi ne mafi tsada, kuma ba shi ne gwani ba wajen kaya mai nauyi a gangara mai tsawo.

Galibi mai saye kan tambaya wanne ne ya fi kyau, alhali tambayar da ta dace ita ce ina motar ke bi, me kuma ta ke ɗauka. Ma'aikacin da ke fita daga Agege zuwa tsibirin Ikko kullum safiya, yana taka birki sau ɗaruruwa cikin cunkoso a kan gadar Third Mainland, ba ya gudu amma birkinsa ba ya hutawa, balle in motar mai canza giya da kanta ce, wadda ke jan jiki gaba ko ba a taka totur ba. Irin wannan na tangaran mai kyau zai yi masa daidai, in aljihu ya yarda. Wanda kuwa ke lodin mutum 6 da buhunan dankali daga Jos ya gangaro Hawan Kibo zuwa Akwanga, ko mai sauka daga tsaunin Mambila, ko mai bin gangaren Milliken a Inugu, shi mai haɗin ƙarfe ya kamata ya nema, gama abokin gābarsa zafi ne, ba ƙara ba. Kuma ko da wane irin takalmi ya sa, in ya ɗora ƙafa a birki tun daga kan dutse har ƙasa bai sa mota a ƙaramar giya ba, ƙaron da ya haɗe fuskar takalmin zai soma ƙonewa, a ji ƙauri, ya taka ya ji mota na ci gaba da tafiya. Yawancin abin da a ke kira tsinkewar birki a gangara ke nan, ba wani abu ne ya tsinke ba. A kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ware lalacewar birki a matsayin dalili mai zaman kansa cikin dalilan haɗari da ta ke lissafawa, kuma dalili ne da hannun mutum ke iya kai wa gare shi.

Akwai wasu samari masu sha'awar takalmin motocin tsere, suna zaton abin da ya tsai da motar tsere lalle zai fi tsai da tasu. Ba haka ba ne. An yi irinsa ne don ya kama bayan ya ɗau zafi sosai. Da sanyin safiya, a mahaɗar farko bayan fitowa daga gida, kamunsa bai kai na takalmin kowa da kowa ba.

Ga wanda ya iya karatun boko, takalmin kirki ya kan faɗi halinsa da kansa. A gefensa ko bayansa a kan buga lambobi, a ƙarshensu sau da yawa akwai haruffa 2, kamar EE ko FF ko GG. Wannan tsarin Amurka ne: harafin farko ƙarfin kamu ne kafin zafi ya yi yawa, na biyu ƙarfin kamu bayan ya yi zafi. E na nufin ma'aunin gogayya daga 0.25 zuwa 0.35, F daga 0.35 zuwa 0.45, G daga 0.45 zuwa 0.55. Motar gida FF ya ishe ta, GG ma ya yi. Abin lura shi ne harafi na biyu kada ya kasa na farko. FE na nuna takalmin da kamunsa ke raguwa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Kayan da aka yi don kasuwar Turai kuma suna ɗauke da harafin E da lamba cikin da'ira, tare da 90R. Wannan shaida ce ta cewa an gwada shi bisa ƙa'idar da ta fara aiki a can a 1999, wadda ta ce kamunsa kada ya bambanta da na ainihin wanda motar ta zo da shi da fiye da kashi 15 cikin 100.

Sai dai mai buga jabu shi ma ya iya buga haruffa. A manyan kasuwannin kayan mota, Ladipo a Ikko, Nkwo a Nnewi, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, akwai na gaske akwai na jabu, wani lokaci a kan kanta ɗaya, cikin kwali iri ɗaya, kuma ɗan kasuwa mai amana zai faɗa wa mai saye wanne ne wanne in ya tambaya da gaske. Sunaye irin su Ferodo, wanda Herbert Frood ya kafa a Ingila tun 1897, da Bosch da Textar da Akebono da TRW, sanannu ne, kuma sanin da aka yi musu shi ya sa su a ke kwaikwaya. Abin da ido zai iya gani shi ne: ƙarfen baya ya zama mai kauri, yankansa sumul, ba tsatsa a ƙarƙashin fenti, fuskar ta manne da shi ba tare da tsaga a tsakani ba, gefenta kada ya marmashe in an kankara da farce ko makulli, rubutun kwali kada ya zama da kurakurai. Babbar shaida kuwa farashi ne. In kowa na sayar da abu a kan kuɗi kaza, aka sami mai sayarwa a sulusin haka, to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Takalmin da aka kwance daga motocin da suka mutu a Turai, wanda a ke kira na Beljiyam, yana da masu yabonsa, suna cewa ai na asali ne. Na asali ne kam, amma ba wanda ya san irin zafin da ya sha, ko shekara nawa ya yi cikin gishirin da a ke zubawa a titunan can lokacin hunturu, wanda kan shiga tsakanin ƙarfe da fuska ya ɗaga ta. Ƙofa ko fitila ta Beljiyam ba laifi. Abin da aka yi shi don ya ƙare, sayensa rabi a ƙare ba riba ba ce. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne tsohon ƙarfe da aka liƙa wa sabuwar fuska da gam a bayan kasuwa, domin a masana'anta da matsi mai tsanani da zafi a ke haɗa su, in kuwa fuskar ta ɓalle a kan gudu, taka birki na farko har ƙasa zai tafi.

Wani abin da ke ba masu motocin tokumbo wahala shi ne girma. Camry ko Corolla ta shekara ɗaya, wadda aka yi don Amurka da wadda aka yi don Turai ko Gabas ta Tsakiya, ba lalle ne birkinsu ya zo ɗaya ba. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ke gindin gilashin gaba ko jikin ƙofar direba, ita ke raba gardama a shagon da ke da kundin kaya. Inda babu, a tafi da tsohon takalmin a gwada kunne da kunne. Makaniken da ya ce zai goge gefe da magagari don ya shiga, a ce masa ya bari.

Sabon takalmi kaurin fuskarsa ya kan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko zuwa 3, lokacin canji ya yi. Da yawa suna da ɗan siririn ƙarfe da kan taɓa faifai ya yi ƙara kamar kukan gyare idan sun kusa ƙarewa. Wannan kira ne, ba lalacewa ba. In aka jira har aka ji gurnani, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma kuɗin faifai ya hau kan kuɗin takalmi. Man birki ma ya kan ba da labari, domin yana sauka a gwangwaninsa a hankali yayin da takalma ke cinyewa, mai ƙara shi kullum ba tare da dubawa ba yana rufe bakin mai ba shi labari ne.

Ranar canji, dama da hagu tare a ke canzawa, ko da ɗaya yana da saura, in ba haka ba mota za ta riƙa fizgar sitiyari gefe ɗaya. In aka ga takalmin ciki ya cinye na waje bai cinye ba, ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu ne suka cije, abin da ƙurar hunturu da ruwan damina suka saba jawowa; sai an wanke su an shafa musu giris ɗin birki, in ba haka ba sabon ma haka zai cinye. Giris ko mai kada ya taɓa fuskar takalmi ko faifai. Shi faifan a duba shi, akwai iyakar kaurinsa a buge a jikinsa, in ya kasa haka ko ya yi kwari kwari, sabon takalmi ba zai zauna a kansa ba. Man birki kuma yana shan danshin iska: DOT 4 sabo sai zafi ya kai digiri 230 ya ke tafasa, amma in ya sha ruwa ƙa'idarsa ta sauko zuwa 155, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a zubar a sa sabo duk shekara 2.

Kafin a motsa motar daga gareji, a taka birki sau da dama har ya yi tauri, gama an tura fistin baya wajen sa takalmin, takun farko fanko ne. Daga nan a nemi hanya marar jama'a, a kai kilomita 60 a sauko zuwa 10 da matsakaicin taku kamar sau 8 ko 10, ba tare da tsayawa cak ba, sa'an nan a yi 'yar tafiya birki ya huce. Cikin kilomita 200 ko 300 na farko a guji taku mai tsanani sai in dole ta kama, kuma a bar tazara mai yawa tsakani da motar gaba har takalmi da faifai su saba da juna.