Filin Matafiya: Hunturu, Hazo da Zaɓen Taya

Hunturu lokacin tafiya ne. An gama girbi. Manoma suna kai gero da wake kasuwa. Motoci suna cika babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogonduci, Birnin Ƙonni, Maraɗi, har Damagaram. Amma lokacin hatsari ne kuma.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana busowa daga arewa maso gabas da ƙurar hamada. Wata rana hazo yakan rufe gari, har mai tsaye bakin gadar Kennedy ba ya ganin ƙetaren kogin Isa sosai. Direba ba ya hango garke sai ya zo kusa. A nan birki kaɗai bai isa ba. Taya ce take riƙe ƙasa. In ta suɗe, mota sai ta zarce.

A ƙasashen Turai sanyi yana zuwa da ƙanƙara, hanya ta yi santsi. Don haka suna da taya ta musamman. Robarta tana da taushi, an yi ta domin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7. A Faransa, tun shekarar 2021, doka ta ce motocin yankunan tsaunuka su sa irin wannan taya ko su riƙe sarƙar taya, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Me ya haɗa manomin Nijar da wannan? Tsofaffin tayoyin Turai suna shigowa kasuwanni da araha, kuma akwai na ƙanƙara a cikinsu. Ana gane su da hoton tsauni mai kai uku a gefe, da alamar ƙanƙara kamar tauraro a tsakiya. A Yamai ba a yin ƙanƙara irin wannan. Cikin watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Roba mai taushi tana cinyewa da sauri bisa kwalta mai zafi. Araha ba ta ado.

Mai sayen taya, ta mota ce ko ta amalanke, ya duba abu uku.

Na ɗaya, shekarunta. A gefen taya akwai lambobi huɗu bayan haruffan DOT. In an rubuta 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta kai shekara 10, a bar ta, ko da tana da kyaun gani.

Na biyu, zanenta. In zurfin zanen bai kai milimita 2 ba, ta kusa ƙarewa.

Na uku, jikinta. In akwai tsagewa ko kumburi, kada a saya.

Sanyi yana rage iskar taya. Direba ya auna ta da safe kafin a tashi. Lodi ya yi daidai da ƙarfin mota. Cikin hazo ya kunna fitila ko da rana ce, ya rage gudu, kada ya wuce wata mota in ba ya ganin gaba.

Makiyayi ma yana da nasa aiki. Kada ya tsallakar da dabbobi a kwana ko da magariba. Ya nemi miƙaƙƙen wuri, mutum ɗaya ya tsaya gaba yana ɗaga ƙyalle. Mai amalanke ya bi gefen dama, ya ɗaura abu mai ƙyalli a baya.

Fasinja kuma yana da ido da baki. Kafin ya biya kuɗi a tasha, ya zagaya ya dubi tayoyin. In sun suɗe, ya jira wata mota. Sannu ba ta hana zuwa.