Kafin a ce "sai an canza", a fara sauraren injin

Fijo 504 ɗin da na gada wurin mahaifina ta girmi babban ɗana. A-kori-kura ce ƙirar Kaduna, daga masana'antar da aka buɗe a 1975, kuma da ita nake kwaso rake daga fadamun Kance zuwa kasuwar Matamaye.

Wata asuba cikin hunturu, lodi na baya tun dare, na murɗa makulli. Inji na juyawa, mota ta ƙi tashi. Na kira wani matashin makanike. Ko sunkuyawa bai yi ba ya ce batir ne. Muka aro batir, shiru kake ji. Ya ce to karbirato ne, sai an aika Kano ta Ɗan Barto a sayo wani. Ga rake yana shan iska, ga masu saye suna jira.

Sai ga wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya ci zamaninsa a garejin Damagaram, yanzu ido ya yi rauni. Ya ce, "Ɗana, sake murɗawa in ji." Na murɗa. Ya ce, "Batir ɗin da ke juya inji haka, me ya yi muku? Ga warin mai har nan. Wuta ce ba ta zo ba." Ya sa yaron ya zare wayar buji ɗaya ya kusanta ta da jikin inji. Babu tartsatsi. Aka buɗe murfin delko, sai ga ƙura ta cika shi, bakin kwantak ya yi baƙi ƙirin, ya kusa haɗewa. Dattijon ya goge shi da sanfefa, ya daidaita tazarar da kwalin ashana. Littafin Peugeot ya ce milimita 0.4, shi kuwa yatsunsa ne ma'auni. Bugu ɗaya ta tashi. Goro kawai ya karɓa.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Ya buɗe ido ne cikin motocin Kwatano, waɗanda ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwo, a cire abu ɗungurungum a sa sabo. Amma Matamaye ba Yamai ba ce. Da aka rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024, mun ga yadda "sai an canza" ya koma "sai a jingine mota". Kuma yawancinmu man kwalba muke sha a bakin hanya. In datti ya toshe karbirato, a kwance, a hure, a mayar. In ya shiga mota mai injekta, sai a fara ƙirga jikkuna.

Na san abin da za a ce: 504 tana zuƙar mai, tana hayaƙi, kayanta na asali sun yi wuya. Duk gaskiya ne, ni ma ina tsine mata wani lokaci. Ba cewa nake kowa ya koma 504 ba. Abin da ke damuna shi ne tsarin nan na bin ciwo daki-daki, daga batir zuwa wuta zuwa mai, yana kan tsofaffi ƴan kaɗan, kuma ba wanda ke biyansu su koyar. Cibiyoyin koyar da sana'a na garuruwanmu su ɗauke su, ko da yini biyu a mako, ba sai an tambaye su takardar makaranta ba. Injin ban-ruwa da janareto ma da irin wannan kunnen ake gyara su.

Na faɗa wa dattijon wannan shawara. Ya yi dariya ya ce in fara sayen sabon murfin delko, na yanzu ya tsage.